Wasilu Muke Jira

Akwai wani dattijo a wata gonar kaji da kowa ke kira Sarkin Ƙwai. Ainihin sunansa ya ɓace tun tuni, har matarsa in tana son tsokanarsa da wannan sunan take kiransa. Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da ɗakin ƙyanƙyasa na gonar, tun zamanin mahaifin mai gona na yanzu.

Aikinsa kam ya iya, wannan ba mai ja. In ya haska ƙwai da tocila, kallo ɗaya yake yi ya san mai rai da wanda ya lalace. In ɗan tsako ya fito, sai ya ɗaga shi, ya juya shi, ya ajiye dama ko hagu: wannan zakara, wannan kaza. Da wuya ka ga ya yi kuskure.

To, abin da ya ɓata shi ke nan, jama'a. Mutumin da ya daɗe ba a ce masa "ba haka ba ne" ba, a hankali sai kunnensa ya daina ɗaukar irin wannan magana.

Ga shi kuma ya gaji. Gwiwa ciwo, baya ciwo, ido sai da gilashi. Da safe sai ya zauna a bakin gado ya daɗe yana matsa ƙafafu kafin ya iya miƙewa. Matarsa takan dube shi ta ce, "Malam, jikin nan fa ba ƙarfe ba ne." Shi kuma ya ce, "In na zauna wa zai kula da su? Yaran yanzu ko riƙon ƙwai ba su iya ba."

A wannan karon ƙwai dubu shida ne a cikin babban injin ƙyanƙyasa. Gonar ba ta taɓa zuba mai yawan haka ba. Ƙwai kwana ashirin da ɗaya yake yi ya fashe, waɗannan sun yi goma sha tara, saura biyu. Mai gona ya yi tafiya, kuma kafin ya tafi sai da ya tsaya a bakin ɗakin ya ce, "Baba, duk ƙarfin gonar nan yana cikin injin nan. Na bar maka." Sarkin Ƙwai ya ce, "Je ka abinka, ranka ya daɗe."

Ranar da abin zai faru, ƙarfe bakwai da rabi na safe, yana cikin wanke tiren ƙwai sai ya ji ƙararrawar injin ta ɗauka. Ya yar da tiren ya nufi ɗakin, yana ɗingishi yana sauri.

Fankar cikin injin ce ta tsaya. Tana gurnani a hankali, amma ba ta juyawa.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai fanka ce kawai. To ba haka ba ne. Ƙwan da ya kai kwana goma sha tara, ɗan tsakon ciki ya riga ya girma, shi kansa zafi yake fitarwa. Ƙwai dubu shida a rufe waje ɗaya, ba iskar da ke zagayawa, da kansu za su dafa kansu. Sarkin Ƙwai ya san wannan sarai, shi ya sa nan take ya nemi lambar kamfanin da ya sayar musu da injin.

Aka ɗauka, ya yi bayani, aka ce yanzu za a turo mutum. Bayan minti biyar saƙo ya shigo wayarsa. Ya sa gilashi ya karanta: "An turo injiniya. Suna: Wasilu." Sai lambar waya a ƙasa.

Ya yi ajiyar zuciya. Ya buɗe ƙofar injin kaɗan don zafi ya ragu, ya soma jiran Wasilu.

Gonar tana da doka saboda cutar kaji. Ba baƙon da ke wuce ƙofar waje sai maigadi ya rubuta sunansa da lokacin zuwansa, sai kuma Sarkin Ƙwai ya ce a shigo. Maigadin shi ma tsoho ne, tare suka tsufa a gonar, kuma shi kaɗai ne yake iya tsokanar Sarkin Ƙwai ya kwana lafiya.

Ƙarfe tara saura minti ashirin maigadi ya leƙo ya ce, "Sarki, ga baƙuwa a ƙofa, ta ce daga kamfanin inji take."

"Baƙuwa?"

"Haka idona ya nuna mini."

Ya fito. Mace ce a tsaye, za ta yi shekara talatin da 'yan kai, da takalmin aiki a ƙafarta da wata baƙar jaka mai nauyi a kafaɗa. Mai babur ɗin da ya kawo ta har ya juya.

Ta rusuna kaɗan ta ce, "Ina kwana, Baba. Ni ce aka turo."

"Lafiya lau, 'yar nan. Ina shi injiniyan?"

"Ni ce injiniyar."

Sarkin Ƙwai ya dube ta sama da ƙasa. Ya zaro waya, ya gyara gilashi, ya karanta a hankali kamar mai koya wa yaro. "Wa-si-lu. Ke ce Wasilu?"

"Wasila ce, Baba. A kwamfutar ofis ne aka rubuta shi da u." Ta ciro katin aikinta ta miƙa masa, ba ta ko duba jakar ba, da ganin yadda ta yi ka san ta saba cirowa.

Ya riƙe katin a hannun dama, waya a hagu, yana duban wannan yana duban wancan. "Nan Wasila, nan Wasilu. Mutum biyu ke nan."

"Harafi ɗaya ne, Baba."

"Harafi ɗaya ne tsakanin jaki da jaka, amma ban taɓa ganin wanda ya rataya jaki a kafaɗa ba."

Maigadi ya yi dariya ya ce, "Ai Sarki, matar jaki ma jaka ake ce mata, kuma kayan da mijin ke ɗauka shi take ɗauka."

Sarkin Ƙwai ya galla masa harara. Matar ta ɗan murmusa, irin murmushin wanda ya riga ya san yadda ranar za ta kasance. Ta ce, "Baba, ka kira lambar da ke cikin saƙon."

Ya kira. Waya ta yi ƙara a cikin jakarta. Ta ciro ta nuna masa lambarsa a jiki.

"Ka gani?"

"Na gani mana. Wayarsa ya ba ki. Mijinki ne ko yayanki? Ki faɗa mini gaskiya, ba zan kai shi ƙara ba. Wani aikin ya tsaya yi ya ce ki zo ki tare masa wuri, ko?"

"Ba ni da wani Wasilu, Baba. Ni kaɗai ce."

"To bari mu ji daga bakin masu shi."

Ya sake kiran kamfanin, ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Wata yarinya ce ta ɗauka. Ya ce, "'Yata, injiniyan da kuka ce kun turo, Wasilu, yana ina?"

Aka ji tana danna kwamfuta. Ta ce, "Wasilu... eh, ga shi nan. Ya fita tun ƙarfe takwas, ya kamata a ce ya iso."

Sarkin Ƙwai ya ɗaga gira ya dubi maigadi, ya dubi matar. "Kin ji? Ya fita. Ba ta ce ta fita ba."

Matar ta matso kusa da wayar ta ce, "Ƙanwata, ni ce Wasila, ta sashen gyara. Don Allah ba manaja wayar."

"Manaja ya fita tun ɗazu, kuma wayarsa ba ta shiga. Ku yi haƙuri, ni shekaranjiya na fara aiki, ban san kowa ba tukuna. Abin da ke rubuce nake karantawa."

Shi ke nan, magana ta ƙare a wurin Sarkin Ƙwai. Ya mayar mata da katinta.

A yi masa adalci, yana da ɗan dalili. Shekarun baya wani ya taɓa zuwa da sunan kamfani, ya kwance ƙaramin injinsu, ya kasa mayarwa, ya tafi neman wani ƙarfe bai dawo ba har yau. Amma in za a faɗi gaskiya, ba wannan ne ya tsaya masa a rai ba. Tunda yake bai taɓa ganin mace ta tura hannu cikin inji ba, kuma abin da bai taɓa gani ba, a wurinsa babu shi. Da ya karanta sunan nan ya riga ya ga mutumin a ransa: namiji, mai kauri, da baƙin mai a farce. Wannan da ke gabansa ba ta yi kama da shi ba ko kaɗan.

Ya juya zai tafi, ta ce, "Baba, ko ba za ka bar ni in shiga ba, don Allah ka jawo tire-tiren tsakiya waje ka baza su. Na tsakiya ne za su fara mutuwa."

Ya tsaya cak. "Ƙwai za ki koya mini? Ina wannan aikin tun kina rarrafe. In fito da su iska ta buge su, ƙura ta hau su?"

"Gara iskar da zafin."

Ya yi tsaki ya wuce. Ta dubi hanya, ta dubi agogon hannunta. Tana da wani aikin da rana a wani wuri, kuma da ta tafi ba wanda zai ga laifinta. Amma ta san abin da ke cikin injin nan. Ta sauke jakar ta zauna a bencin maigadi.

Shi kuwa ya koma ya kama fama shi kaɗai. Ya kwaso fankoki biyu na tsaye daga ofis ya saita su a bakin injin. Ya watsa ruwa a ƙasa. Ya duba fis ɗin wuta, lafiyarsa lau. Ya sa sanda ya tura fukafukan fankar, suka juya sau biyu suka tsaya. Ya kira mai gyaran wutar da suka saba da shi, mutumin ya ce yana nesa, kuma shi irin wannan injin bai san kansa ba.

Ma'aunin zafi ya kamata ya tsaya a talatin da bakwai. Ƙarfe goma yana talatin da tara.

Duk bayan rabin awa sai ya ja ƙafa ya je ƙofa, ya tsaya daidai gaban bencin, ya sa hannu a goshi yana hangen titi ta saman kanta. Kowane babur ya taho sai ya miƙa wuya. Ita tana zaune, jakar tana tsakanin ƙafafunta.

Wajen sha ɗaya wani mutum mai kauri ya tsaya da babur, da jaka a bayansa. Sarkin Ƙwai ya manta da ciwon gwiwa, ya tare shi da sauri. "Malam Wasilu, ai ka shanya mu. Tun safe muke jiranka."

Mutumin ya ce, "Wane Wasilu? Ni mitar wuta na zo karantawa."

Maigadi ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Matar ko murmushi ba ta yi ba. Ta sake gwada lambar manaja, ba ta shiga ba.

Da rana ta take, maigadi ya bi shi har bakin ɗakin ƙyanƙyasa. Wannan karon ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Sarki, ka bar baiwar Allahn nan ta duba mana. Na leƙa jakarta, kayan aiki ne cike, kuma duk sun ji hannu. In ba ta iya ba me muka rasa?"

"In ta ɓata fa? Mai gona ya dawo in ce masa me? An turo mini Wasilu na buɗe wa Wasila?"

"To in ita ce fa?"

"Ni da nake raba zakara da kaza tun suna kwana ɗaya a duniya, a takarda ne zan kasa raba namiji da mace? Koma bakin ƙofarka."

Maigadi ya koma. Ya ɗebo ruwa a kofi ya ba ta, ya ce, "Ki yi haƙuri da shi, 'yata. Ba mugu ba ne, kansa ne kawai kamar dutse." Ta karɓa ta ce, "Ba komai, Baba. Ƙwan nake ji."

Ƙarfe ɗaya ma'auni ya wuce arba'in. Ɗakin ya ɗauki wani irin ɗumi mai nauyi, rigar Sarkin Ƙwai ta jiƙe sharkaf. Ƙafafunsa sun kumbura, bai karya ba, bai zauna ba. Ya jingina da bango yana haki, yana zagin Wasilu a ransa, mutumin da ba shi da alƙawari.

Da safe, kafin fankar ta tsaya, in ya kara kunne a jikin tire yana jin motsi, wasu har sun fara ɗan ƙyas-ƙyas daga ciki. Yanzu ya zaro ƙwai ɗaya daga tsakiya ya ɗora a fatar idonsa, ya ji shi zau. Ya kai kunne. Shiru. Ya ɗauki wani, shiru. Ya ɗauki na uku ya daɗe yana saurare.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba a ɗakin nan.

Ƙarfe biyu saura minti ashirin ya isa ƙofa. Bai dubi titi ba a wannan karon, amma ita ma bai dube ta ba. Ƙasa yake kallo ya ce, "To, zo ki ɗan duba kafin ya iso."

Kun ji fa. Kafin ya iso.

Ta ɗauki jakarta, ta tsoma takalmanta a ruwan magani, ta sa rigar aikin gona da ta yi mata yawa, ta wanke hannu har gwiwar hannu ba tare da an ce ta yi ba. Da ta shiga ɗakin ta tsaya ta saurari gurnanin fankar na ɗan lokaci. Sai ta kashe wutar injin, ta hau kan akwati, ta kwance murfin bayan fankar.

Ta ciro wani ɗan abu kamar batirin tocila, cikinsa ya kumbura. Ta ce, "Kwandansa ce. Ita ke ba fanka ƙarfin tashi." Ta zuge aljihun jakarta ta ɗauko sabuwa, ta haɗa wayoyi biyu, ta ɗaure, ta sauko ta kunna.

Fankar ta yi gurnani sau ɗaya ta ɗauka. Iska ta bugi fuskar Sarkin Ƙwai. Ya dubi agogon bango. Minti goma sha biyu ta yi.

Ba ta tsaya nan ba. Ta jawo tire-tiren tsakiya ta mayar da su gefe, na gefe ta tura su ciki, shi kuma yana kama mata. Tana yi tana taɓa ƙwan da bayan hannu. Bai tambaye ta abin da ta ji ba, ita ma ba ta faɗa ba. Dukansu sun sani.

A bakin famfo tana wanke hannu, ya tsaya daga gefe yana murza hularsa. Can ya ce, "To ke, me ya hana ki sa su gyara sunan? Da duk wannan bai faru ba."

Ta ci gaba da cuɗa sabulu. "Na taɓa sawa an gyara, Baba."

"Sai kuma me?"

"Kuskure ne da farko, wanda ya shigar da sunana ranar da aka ɗauke ni aiki shi ya buga u. Na je aka gyara. To in saƙo ya tafi da Wasila, kafin in ɗaura takalmi an bugo waya an ce a turo wani. Wani ya ce aikin babba ne, wani ya ce ba su shirya ba, wani ya faɗi gaskiya ya ce namiji yake so. Sai in wuni a ofis a zaune, maza suna fita suna dawowa. Da aka yi haka sau uku, manaja ya ce a mayar da u ɗin a bar shi. Ya ce aƙalla zan riƙa kaiwa bakin ƙofa."

Ta rufe famfon ta yarfe hannu. "Yau ma ai na kai bakin ƙofar."

Sarkin Ƙwai ya rasa inda zai sa idonsa.

Ta ce, "Sunan kakata ne, mahaifina ya sa mini. Shekara shida ke nan ina amsa sunan da ba nawa ba don in samu in yi aikin da na karanta. Wasu minti goma suke tsayar da ni, wasu awa ɗaya. Ba kai ne na farko ba, Baba. Kai ne dai ka fi daɗewa."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da faɗa ne ma da ya fi masa sauƙi, don ya san yadda ake rama faɗa. Gajiya ce zalla a muryarta. Ya so ya ce ta yafe masa, amma ya kasa. Abin da ya iya fitowa kawai shi ne, "Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba."

Ta ciro takardar aiki ta cike, ta miƙa masa ya sa hannu. Ya gyara gilashi. Lokacin isowa, tara saura ashirin. Lokacin fara aiki, biyu saura kwata. Ya daɗe yana kallon layukan nan biyu.

Ya rage murya ya ce, "'Yata, wannan lokacin isowar... ba yadda za a ɗan matso da shi?"

Ta girgiza kai. "Abin da agogo ya nuna na rubuta. Sunana ma ba daidai yake a takarda ba, ba zan ƙara da lokaci ba. Ka yi haƙuri."

Ya sa hannu. Ta yage kwafinsa ta ba shi, ta rataya jaka, ta yi wa maigadi godiyar ruwa, ta tsaya bakin titi tana jiran babur. Aikin da take da shi da rana ya riga ya wuce ta.

Kwana biyun da suka biyo baya Sarkin Ƙwai bai ci abincin kirki ba. Matarsa ta tambaye shi ko jikin ne, ya ce jikin ne. Ta dube shi ta ce, "Shekara talatin ina ganin ciwon jikinka, wannan ba shi ba ne."

Ranar ƙyanƙyasa, in abu ya yi kyau, tun daga bakin ƙofar waje ake jin kukan 'yan tsaki, har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ran nan sai da ya kai bakin ɗakin sannan ya ji wani ɗan siririn kuka.

Ya buɗe injin. Ƙwan tire-tiren da suke gefe ranar da fankar ta tsaya sun fashe, 'yan tsaki suna ta tattaka juna. Sauran kuwa suna jere yadda aka jera su, farare tas, ko tsaga babu. Ya ƙirga masu rai sau biyu. Ɗari tara da goma sha huɗu.

Da hantsi mai gona ya iso, kai tsaye daga tafiya. Mutum ne da Sarkin Ƙwai ya goya a kafaɗa yana yaro, ya zagaya da shi kejin kaji yana nuna masa. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya dubi tire-tiren ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓi takardar aikin ya karanta. Ya aika a kawo littafin maigadi, ya karanta shi ma.

Ya ce, "Baba, awa biyar?"

"Saƙon Wasilu ya ce, ranka ya daɗe."

"Ita kuma me ta ce?"

"Ta ce ita ce."

"Ta nuna maka kati?"

"Ta nuna."

"Ka kira lambar?"

Sarkin Ƙwai ya sunkuyar da kai. "A jakarta ta yi ƙara."

Mai gona bai ɗaga murya ba. Ya fita waje ya kira kamfanin, Sarkin Ƙwai yana jin sa ta taga. Ya ce daga yau duk abin da ya samu injinan gonarsa ita yake so a turo, ba wani ba, kuma a rubuta sunanta yadda mahaifinta ya sa mata. Ya maimaita musu harafin ƙarshe sau biyu.

Sannan ya dawo ya tsaya kusa da dattijon. Ya ce, "Baba, ka yi wa mahaifina aiki, ka yi mini. Ba zan manta ba, kuma ba zan bar ka haka ba. Amma ka huta. Daga gobe wani zai karɓi ɗakin nan."

Sarkin Ƙwai ya gyaɗa kai. Bai roƙa ba. Ya ce, "Abu ɗaya, ranka ya daɗe. Bar ni in kwashe su da kaina."

"Akwai masu kwashewa, Baba. Ga bayanka."

"Ni na zuba su."

Aka bar shi. Ya jawo baro ya soma juye tire a ciki, a hankali, kamar har yanzu akwai abin da zai fashe ya yi asara. Ya tura baron zuwa ramin da ke bayan gona, yana tafiya yana tsayawa. Maigadi ya taso zai kama masa, ya ɗaga masa hannu ya ce ya bari.

A bakin ramin ya ɗauki ƙwai ɗaya ya fasa da babban yatsa. Ɗan tsakon yana ciki a naɗe, ya gama haɗuwa tsaf, da gashinsa da farcensa. Bakinsa har ya huda fatar ciki, ya fara neman hanyar fita.

Ya ajiye shi a hankali a gefen ramin. Ya zauna a kan hannun baron, ya cire gilashi ya goge ido da bakin riga, ya daɗe a haka. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe ya juye baron. Saura sawu goma sha ɗaya.

Darasi: Kada abin da ka karanta a takarda ya rufe maka ido daga mutumin da ke tsaye a gabanka. Suna ba ya gyara inji, hannu da ilimi ne ke gyarawa, kuma Allah bai ware su ga namiji ko mace ba. In an ce maka ka yi kuskure, tsaya ka duba tun abin da ke hannunka yana da sauran rai, don girman kai ba mai shi kaɗai yake ci ba. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila a cikinsu akwai wanda ya bar wani zaune a bakin ƙofarsa yau.